Layin Ruwa

Ran Talata ne, hantsi bai gama ɗagawa ba,
ina kan keken ɗinki a bakin babbar kasuwa,
allura na cin wuyan wata riga,
waya ta yi ƙara.
Aka ce, kai ne ƙanen Nomau?
Na ce ni ne.
Sai aka yi shirun da ya riga magana isowa.

Babbar mota ce, a hanyar Jiratawa.
Buhun zogale biyu a bayan babur,
ganye ya watse bisa kwalta,
awaki suka taru suna ci
kafin a tuna a kore su.
Na yafe wa direba tun ran uku.
Awakin ne na daɗe ban yafe wa ba.

Mutane sun zo, Allah ya saka musu,
daga Tibiri, daga Madarumfa, har da na Ɗan Isa.
Kowa da haƙurinsa a baki,
aka yi ta zuba mana shi
kamar gero a rumbun da gara ta ci gindinsa.
Ran bakwai aka naɗe tabarmi,
aka mayar da kujerun haya,
gida ya yi mana yawa.

Inna ba ta daina kwashe tuwo kwano huɗu ba.
Ba wanda ya ce mata uffan.
Ni ke cin na huɗun cikin dare, a tsaye, ba yunwa,
don kada safiya ta nuna mata shi a rufe.

Takalmansa na roba na nan bakin zaure,
lakar fadama ta bushe a jikinsu.
Cima, ƴar shekara shida,
takan zura ƙafafu ciki, ta ja su tsakar gida, faƙat, faƙat,
uwarta ta juya fuska wajen murhu
ta ce hayaƙi ne.

Sai ga tsoho Barmo, maƙwabcinsa na gona,
ko zama bai yi ba.
Ya ce, gobe layinku ne na ruwa,
in ya wuce sai wani mako,
shuka ba ta san zaman makoki ba.
Na ji haushinsa har wuya.
Da asuba kuma na tafi.

Hannun tela, me ya sani da kwasa?
Na buɗe ruwa ta inda ba nan ba,
na shayar da albasar wani,
na faɗi zaune cikin taɓo.
Barmo ya yi dariya har da riƙe ciki,
na ji wata murya ta taya shi,
ashe tawa ce.
Na tsorata da ita.
Na zauna nan na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba,
ruwa na bi ta ƙarƙashina zuwa kunya ta gaba.

Zogalen da ya yanka a safiyar ƙarshe
ya riga ya tofo daga bakin yankan.
Ba zan ce ya koya mini kome ba.
Shi ice ne, ni ɗan uwan mamaci ne.
Na dai ba shi ruwa.

Yanzu damina ta zo ta wuce,
Gulbi ya cika ya janye.
Rigar nan na ƙarasa wuyanta, mai ita ya sa ta da salla.
Lambarsa na cikin wayata, ban goge ba, ba na kira.
Wani dare Inna ta kwashe kwano uku,
ta tsaya tana dubansu da mara a hannu.
Washegari ta koma huɗu,
amma ta miƙa wa Cima na huɗun, ta ce,
kai wa Barmo, ki ce ya dawo da kwanon.

Gobe Laraba, layinmu ne.
Takalman sun yi mini girma kaɗan,
na cusa musu ƙyallen atamfa a baki.